Sarkin Takarda da Kabad Mai Ƙofa Biyu

A ofishinmu in ka ce "ranar firinta," ba wanda zai tambaye ka wace rana kake nufi. Sabon ma'aikaci ma kafin a nuna masa inda banɗaki yake an ba shi labarinta.

Wanda abin ya faru a kansa shi ne babban mai rubuta manhajarmu. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar kullum allura ce ta faɗi masa, gilashinsa a goshi yana lalubensa a aljihu. Kamfaninmu ƙarami ne, da kafintoci muke hulɗa. Kafinta zai zauna gaban kwamfuta ya rubuta yadda yake son kabad ɗinsa, manhaja ta karanta ta gaya masa yadda zai yanka katako. Amma kafin ta iya gaya masa komai, sai ta warware rubutun ta mayar da shi kamar bishiya. Kabad shi ne gindi, ƙofofi da durowoyi su ne rassa, kowane reshe da nasa ƙananan rassan, har a dangana da ganye, wato mariƙi da ƙusa da tsawo da faɗi. Wannan ɓangaren shi ya gina shi, yana kuwa ji da shi kamar ɗan fari. Ni aikina gwaji ne. Shi ya gina, ni in zagaya ina neman inda zan tura ya rushe. A haka muka zama aminai, abin da har yau Manaja bai gane ba.

Mutumin yana da wata ɗabi'a. Bai yarda da abin da ya gani a fuskar kwamfuta ba. Sai ya buga bishiyar a takarda, ya shimfiɗa a ƙasa, ya cire takalmi, ya bi ta da rarrafe reshe bayan reshe, yana magana da ita ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro.

Ranar da ake magana, wani kafinta ya aiko da bayanin kabad. A sama ya rubuta cewa faɗin ƙofa a ɗauko shi daga na firam, wato katakon da ke kewaye da ita. Can ƙasa kuma ya rubuta cewa faɗin firam a ɗauko shi daga na ƙofa. Irin abin nan ne na je ki tambayi babanki, baba ya ce je ki tambayi mamanki. Manhaja ta shiga ta yi tsit, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Mutuminmu ya ce bari ya ga bishiyar da idonsa. Ya tura ta firinta, ya ɗauki hularsa ya tsallaka titi cin abincin rana.

Firintar a gaba take, kusa da teburin Anti, wadda ke karɓar baƙi da amsa waya. Anti mace ce da ba ta iya ganin abu yana kuka ta wuce shi, kuma duk duniya ba abin da ta tsana kamar ɓarna. To, in ana buga bishiya, kowane reshe akan ɗan tura shi dama fiye da na samansa, don a gane wa ke ƙarƙashin wa. Sai firinta ta kama: ƙofa, firam, ƙofa, firam, rubutu yana gangarawa dama kamar matakala. Ba a ci shafuka da yawa ba rubutun ya faɗa bayan gefen takarda ya ɓace. Firinta ba ruwanta, ta ci gaba da tofo takardu farare fes. Da takarda ta ƙare ta yi ƙara. Anti ta duba ta ga tulin farar takarda ko ɗigo babu, ta ce wannan ai asara ce. Ta tattara, ta daddaidaita bakinsu a kan tebur, ta mayar cikin tiren firinta.

Firinta ta tofo, Anti ta mayar. Firinta ta tofo, Anti ta mayar.

Sanda mutuminmu ya dawo yana sakace, ya tarar da Manaja tsaye da wasu manyan baƙi masu shagunan kayan ɗaki, ofis ya cika da ƙaurin roba, takarda ta yi ɗumi kamar burodin da aka sauke yanzu, Anti ta naɗe hannun riga tana share gumi.

"Ka dawo?" in ji Anti. "Ni da ita ne yau, mu ga wanda zai fara gajiya."

Ya yi tsalle ya zare wayar wuta. Firinta ta yi wani ɗan nishi, daga shi kuma ba ta sake cewa komai ba har aka kwashe ta. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki farar takarda ya juya ta gaba da baya, ya tambaya cikin ladabi ko wane irin kabad ne wannan. Manaja ya dubi rufi. Kafin a tashi aiki Anti ta naɗa wa mutuminmu sarauta, tun daga ranar kowa Sarkin Takarda yake ce masa, har mai kawo mana ruwa.

Manaja ya kafa doka: Sarki da firinta ko gaisuwa babu. Shi kuwa ba ya iya tunani sai a ƙasa, don haka ya sayo kwalin alli ya koma barandar baya, inda simintin ke da santsi. Nan yake zana bishiyoyinsa, nan kuma ya samo maganin abin da ya kunyata shi. Ya koya wa manhaja ta riƙa yin alama a duk reshen da ta taka, kamar mai shafa alli a ƙofar ɗakin da ya shiga. In ta zo wani reshe ta tarar da allinta, to ta tsaya cak ta rubuta wa kafinta cewa an zagayo. Ya gwada da kabad ɗin da ya kashe firinta, nan take ta cafke shi. Ranar har shayi ya saya wa kowa.

Da abin ya tsaya a kwamfuta da ba a yi labari ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sarki ya zama ba ya iya jin magana sau biyu. Ya samo wata 'yar jimla, "mun biyo nan," ya riƙa yawo da ita kamar sanda. A taro in Manaja ya ɗauko zancen zuwa aiki da wuri a karo na biyu, sai Sarki ya ɗaga yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun biyo nan." Gaskiya mun ji daɗin wannan. Taron da kan kai mu azahar ya koma ana gamawa shayi bai huce ba. Mai gyaran kwandishan ya sha jimlar nan, ni ma na sha ta. Daga nan jimlar ta bi shi gida.

A gidan akwai matarsa, wadda yake kira Maman 'Yan Biyu, da 'yan biyun, mata, masu kama kamar an tsaga kara, sai kuma mahaifinsa. Baba tsohon direban bas ne. Tun da Mama ta rasu ya dawo wurin ɗansa, aka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, don yana son ganin mai shigowa da mai fita. A kan tagarsa akwai wata tsohuwar rediyo da kullum take kunne, ba don yana saurare ba, sai don ya ce ya saba da ƙarar inji. Baba gwanin labari ne, kuma labaransa suna da wani abin al'ajabi. Ko ta ina ya faro, ko ta wajen makanikin da ya manta sifana a cikin inji ne, ko ta wajen ɗan sandan da ya yi barci a kujerar baya, ko ma ta farashin batir, a hankali za ka ji hadari ya haɗo, taya ta fashe a tsakiyar hanya, ruwa ya sauko, wata budurwa ta fito daga cikin fasinjoji ta riƙe masa lema ruwan ɗorawa yana canza taya. Budurwar nan ita ce Mama. 'Yan biyu har zumuɗi suke yi su ga ta wace kwana yau Kaka zai ɓullo wa lema.

Ina gidan ranar da abin ya faru, don nakan je shan shayi ƙarshen mako. Baba ya ɗauko labarin wani fasinja da ya zo da katifa sabuwa dal, ya kafe sai an ɗaure ta a saman mota a gabansa, ya riƙa leƙa kai ta taga yana duba ta kamar jaririya.

"Muna cikin tafiya," in ji Baba, "sai na ga gabas ta yi baƙi..."

"Baba," in ji Sarki, idonsa a kan wayarsa, "mun biyo nan."

Kofin Baba ya tsaya tsakanin tebur da baki. "Mun biyo?"

"Lema ce, ko ba ita ba?"

"Ita ce," in ji Baba. Ya ajiye kofin a hankali. "To shi ke nan, Injiniya. Direba ba ya kai fasinja inda ya ce ba za shi ba."

Ya miƙe ya shige ɗaki. Muka ji an ƙara wa rediyo murya.

Tun daga ranar Baba ya rufe bakin labari. Ana gaishe shi yana amsawa, ana kawo abinci yana ci yana sa albarka, amma iyakarta ke nan. 'Yan biyu suka yi ta tsokanarsa da zancen taya, ya ce ya manta. Ba a jima ba ya kira Auta, ƙanwar Sarki da ke aure a ɗaya gefen gari, ya ce ta zo da mota ƙarshen mako ta ɗauke shi, zai koma wurinta da zama. Ya sauko da akwatinsa daga saman kabad ya jera kayansa. Da Maman 'Yan Biyu ta ga ya naɗe rediyo cikin tawul ya sa a akwati, sai ta san ba wasa ba ne.

"Ka kashe wa tsoho inji," ta ce wa mijinta, a gabana kuwa, don ta daɗe da daina ɗaukata baƙo.

"Ni fa gaskiya na faɗa. Mun ji labarin nan."

"Mun ji. Kai ma kullum sai ka ce mini miya ta yi daɗi, na taɓa ce maka mun biyo nan?"

Ya je ya ba Baba haƙuri. Baba ya ce ai ba a yi masa komai ba, iska kawai zai canza. Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san haƙurin da aka amsa da "ba komai" bai karɓu ba.

A hanyarmu ta zuwa aiki Sarki ya gaya mini abin da bai gaya wa matarsa ba. Ya ce ba gundura ce ta sa shi magana ba, tsoro ne. Ya taɓa ganin kakan wani abokinsa da ƙwaƙwalwa ta juye masa, yana maimaita tambaya ɗaya daga safe har yamma. Duk sanda Baba ya nufi lema, sai ya ga kamar tsohon ya shiga zagayen da ba zai fita ba. "Kamar firintar nan," ya ce, bai kuwa yi dariya ba. Ni ma ban yi ba, ko da yake na so.

Ana cikin haka sabuwar manhaja mai alli ta je hannun wanda yakan fara gwada mana kaya, kafintan nan dai da ya rubuta kabad ɗin ranar firinta. Mutum ne mai fara'a, mai ƙurar katako a gira. Washegari sai ga shi a ofis.

"Anti, ina Sarkin naku? Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. A garinku kabad ƙofa ɗaya ake yi masa?"

"Me ya faru?"

"Duk wanda na rubuta mai ƙofa biyu sai ta ce wai an zagayo. Ni ban zagaya ko'ina ba, ina shagona. Wancan karon na yarda laifina ne, har na yi wa firintarku ta'aziyya. Wannan kuwa ban san hawa ba ban san sauka ba."

Na karɓi bayanin na gwada. Haka ne. Na rubuta nawa mai ƙofa biyu, ta ƙi. Na cire ƙofa ɗaya, ta karɓa da murna. Sarki ya ce ba zai yiwu ba, ya sake cewa ba zai yiwu ba, na ce masa mun biyo nan. Ya harare ni, ya ɗauki alli, ya ce in biyo shi baranda.

Ya zana kabad ɗin a ƙasa, babba, yadda mutum zai iya tsayawa a kowane reshe. Yana zanawa abin ya fara fitowa. Kafinta ba ya rubuta bayanin mariƙi sau biyu. Sau ɗaya yake rubutawa, sai ƙofar hagu ta nuna shi, ta dama ma ta nuna shi, don in ya canza ra'ayi ya gyara a wuri ɗaya. Rassa biyu ke nan suka haɗu a ganye ɗaya.

"Cire takalmi," in ji Sarki. "Kai ne manhaja yau."

"Albashin manhaja za a ba ni ko nawa?"

"Shiga kabad. Yawwa. Shiga ƙofar hagu. Taka mariƙi." Ya duƙa ya ja layin alli kusa da ƙafata. "Ka gama da shi? To koma baya. Fita daga ƙofar hagu. Shiga ta dama. Je ka mariƙi."

"Ga allinka nan. In yi ihu?"

"Tsaya tukuna." Ya zura wa ƙafafuna ido. "Da ka zo yanzu, kana cikinsa ne dama?"

"Ina fa. Na shiga ɗazu, na gama, na fita. Yanzu ta wata ƙofar na zo."

Ya matsa gefe ya zana kabad ɗin ranar firinta, ƙofa tana nuna firam, firam yana nuna ƙofa. Ya sa na shiga ƙofa, ya ce kada in ɗaga ƙafar, don ban gama da ita ba sai firam ya ba ni amsa. Na miƙa ɗaya ƙafar zuwa firam. Ya ce to firam ya aike ni ƙofa.

"Da wace ƙafar?" na ce. "Ai ban fita ba, ga ƙafata nan a ciki. Ka yi sauri, wandona zai yage."

Anti da ta leƙo ta ga babban mutum ya wage ƙafafu a kan zanen alli, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma.

Nan Sarki ya gano inda ya yi kuskure. Allinsa yana faɗin an taɓa zuwa, amma ba ya faɗin ko an fita. Ya ce daga yau alama biyu za a yi. In manhaja ta shiga reshe ta ja layi ɗaya. In ta gama da shi da duk abin da ke ƙarƙashinsa za ta fita, ta gicciya masa na biyu. In ta zo ta tarar da layi ɗaya tal, to ta dawo ɗakin da ba ta fita ba, wannan shi ne zagaye, ta tsaya ta gaya wa kafinta dalla-dalla wa ya aike ta wurin wa. In kuwa ta tarar da gicciye, wuri ne da hanyoyi biyu suka yi tarayya a kansa, ta ɗauki amsar da ta riga ta samo ta wuce, ba ihu ba sake aiki. Na tambaye shi in mariƙi biyu ne daban amma iri ɗaya fa? Ya ce alama a jikin abin ake yi, ba a jikin mai kama da shi ba. "In ka yi wa ɗaya daga cikin 'yan biyu wanka, ba ka yi wa ɗayar ba. Na taɓa wanke guda sau biyu, har yau uwarsu ba ta bari na manta ba."

Na zaci zai ruga kwamfuta. Sai ya zauna daɓas a kan zanen, gwiwoyinsa fari fat da alli, yana jujjuya guntun da ya rage a hannunsa.

"Kai da kake zama har a gama," ya ce, "Baba yana kai ƙarshen labarin lema kuwa?"

"Kullum. Ya ɗaure taya, ya mayar mata da lema, ya ce Allah ya jiƙanta, ya miƙo kofi a ƙara masa shayi. Daga nan sai zancen ƙwallo."

"Ya fita ke nan."

"Lafiya lau yake fita. Har ya rufo ƙofa."

Ya tashi ya sa takalmi, hagu a dama sai da na nuna masa. Ya ce in zo mu tafi. Na ce ba a tashi aiki ba. Ya ce ni ne mai gwaji, gwaji za mu je.

Rana ta yi sanyi sanda muka isa. Akwati na nan a bakin ƙofar ɗaki, an ɗora masa sandar Baba, jibi Auta za ta zo. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallon tagar da ba rediyo. Sarki ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa.

Baba ya dubi gwiwoyin Sarki. "Injiniya, a ofishin naku rarrafe kuke yi?"

"Wani lokacin, Baba." Sarki ya gyara zama. "Baba, mai katifar nan, yaya kuka ƙare da shi?"

"Wane mai katifa?"

"Wanda ya riƙa leƙa kai ta taga."

"Ai kun biyo nan."

"Ta wajen taya na biyo, da ta wajen makaniki. Ta wajen katifa ban taɓa biyowa ba."

Baba ya dube shi, ya dube ni, kamar direban da ke auna ko fasinjan nan zai yi rigima a hanya. Sai ya ɗaga murya ya nufi kicin. "'Yata! In kin sauke abin da ke wuta zo in ba ki wani labari. Wannan na ƙasan ba fasinjana ba ne, in ya ji, a tsaye ya ji."

Maman 'Yan Biyu ta fito tana goge hannu, da butar shayi, ta zauna kamar ba ta san komai ba. 'Yan biyu suka ɓullo daga inda ba a sani ba. Baba ya gyara murya ya tayar da mota daga tasha, da katifa a sama. Bai yi sauri ba, sai da ya tsaya ya ɗauki kowane fasinja. Gabas ta yi baƙi, taya ta fashe, ruwa ya sauko. Na saci kallon Sarki, na ga yatsansa ya ɗan motsa don sabo, ya danne shi da ɗaya hannun.

"Ina durƙushe ina fama da taya," in ji Baba, "sai na ji ruwa ya daina dukan bayana. Na ɗaga kai, lema. To ashe mai katifa yana kallo. Ya sauko a fusace ya ce, ke baiwar Allah, ga katifata sabuwa tana shan ruwa a sama, kin tsaya kina rufe wanda dama a jiƙe yake? Kun san abin da ta ce masa?"

'Yan biyu suka girgiza kai.

"Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, Malam, katifa in an shanya ta za ta bushe. In direba ya kwanta, kai za ka kai mu, ko katifar?"

Aka kwashe da dariya. Sarki ya fi kowa, har sai da ya sauko da gilashinsa daga goshi ya goge, ko da yake ba gilashin ne ya jiƙe ba.

"Haka Mama ta ce? Ban taɓa jin wannan ba."

"Ina za ka ji," in ji Baba, "kai da kake dirowa kafin a kai tasha."

Ya ƙarasa labarinsa a tsanake. Ya ɗaure taya, ya mayar da lema, ya ce Allah ya jiƙanta, muka ce amin. Ya miƙa kofi aka ƙara masa. Sannan ya juyo gare ni ya tambaye ni yadda aka tashi a wasan jiya.

Zancen akwati ba wanda ya tayar. Washegari da safe dai Maman 'Yan Biyu ta ji ƙarar rediyo daga kan taga, ta tarar da tawul an ninke an ajiye mata a kan kujera. Auta ta zo da motarta kamar yadda aka yi, Baba ya ce mata ya yi tunani, katifar gidanta ta cika laushi, bayansa ba zai ɗauka ba. Ta ci abinci, ta yi wa yayanta tsiya son ranta, ta koma ita kaɗai.

Manhaja ta gyaru. Kafinta ya aiko a gaya wa Sarki cewa yanzu har mai ƙofa huɗu tana karɓa, kuma da ya sake aiken ƙofa wurin firam don ya gwada ta, ta kama shi ta faɗi sunan kowa. "Mun biyo nan" ta ragu sosai a bakin Sarki. Manaja kaɗai yake ajiye wa ita, don ya ce shi nasa zagayen na gaske ne, ba ya fita. An sayo sabuwar firinta, dokar kuma tana nan, har Anti ta juya fuskar firintar don kada ta ga Sarki in zai wuce. Barandar baya kuwa mai shara ta haƙura da ita.

Kwanan baya aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya. Tun kafin ta ajiye jaka Anti ta zaunar da ita, ni kuma na ja kujera. Anti ce ta faro, ta wajen ƙaurin roba da yadda hannunta ya yi ciwo har kwana biyu. Muna tsakiyar tofowa da mayarwa sai ga Sarki zai wuce da kwalin allinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Anti, "labarin sarautarka muke bayarwa. Ko mun biyo nan?"

Ya tsaya, ya laluba aljihu yana neman gilashin da ke goshinsa.

"Ta wajen ciwon hannu ban taɓa ji ba, Anti, ci gaba," ya ce. "Roƙona ɗaya ne. In kin kai ƙarshe, don Allah kada ki mayar da shi cikin tire."